Tambihi Ga 'Yan'uwa A Kan Shinge Da Hurumi

Da sunan Allah muke farawa. Wannan takarda ta fito daga hannun ɗan'uwanku, almajiri mazaunin ƙasar Madobi, zuwa ga malamai da almajirai masu karanta wannan shafi. 

Bayan haka, ku sani, ya ku 'yan'uwa, ina da magana a kan daji, da shanun da ke kiwo a cikinsa, da naman da ake farauta a cikinsa, da mutanen da ke son su saye shi su kewaye da waya. Ina roƙon wanda ya karanta ya yi haƙuri ya kai ƙarshe kafin ya yanke hukunci, domin akwai laifin kaina a ciki, zan kuwa faɗe shi a wurinsa.

Fasali na farko, dalilin wannan takarda

A ranin da ya wuce wani abu ya faru a ƙauyenmu. Akwai wani ɗan daji tsakaninmu da rafi, ragowar abin da kakanninmu suka bari ba a noma, shi muke ce wa hurumi. A cikinsa mata ke samun itace, a cikinsa awakin gari ke yini, nan kuma Fulanin da ke maƙwabtaka da mu ke tsai da shanunsu kafin su gangara mashaya. Sai ga wani dillali ya zo da mota, ya ce wani attajiri na birni ya aiko shi. Yana son ya sayi wurin duka, ya kewaye shi da waya mai ƙaya, ya zuba shanun Turai masu yawan nono, ya kawo barewa da gada da jimina ya saka a ciki, domin shi da abokansa su riƙa zuwa farauta ranar hutu. Ya ce haka ake yi a Amurka, wannan shi ne kiwon zamani, wanda ya ƙi shi ya ƙi ci gaba.

Aka taru a ƙofar gidan dagaci. Da dillalin ya ambaci kuɗi sai bakin kowa ya mutu. Dagaci ya dube ni ya ce, "Malam, me littafi ya ce?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku." Abin da na tara cikin kwana ukun nan, da abin da na faɗa a gaban jama'a, shi ne nake rubuta muku, domin na san abin da ya zo ƙofarmu zai zo ƙofarku.

Fasali na biyu, yadda ƙasa take da yadda ta koma

Ku sani, mutanen da suka raba ƙasa gida uku. Akwai gona, ta mai ita ce. Akwai hurumi, na gari ne duka. Akwai burtali, watau hanyar shanu, wadda ake kafa wa aduruku da cediya da ƙaya dama da hagu, tana fita daga hurumi zuwa mashaya, daga mashaya zuwa wani gari. Idan kaka ta yi aka ɗauke amfani, sai manomi ya kira Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki, har ya bi shi da damin gero don godiya. Kowa ya san iyakarsa, kowa yana cin moriyar ɗan'uwansa.

Sa'an nan ruwa ya zo. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a 1974. A 1976 aka kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Aka tsara shayar da hekta 22,000 a kashi na farko, aka ja magudanan ruwa ta ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura. A 1992 kuma aka gama madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Ba mai musun alherin wannan aiki sai butulu. Shinkafar Kura, da masarar Karfi, da tumatirin Kwanar Gafan, da alkamar Kadawa, duk albarkacinsa ne. Samarin da a da suke tafiya cin rani sun samu abin yi a gida. Mu ma na Madobi da ke gefe mun shiga ciki, wasu da hayar fili a Kura, wasu da injin ban ruwa a bakin Challawa.

Amma ga abin da ba a lura da shi ba. A da shekara rabi biyu ce, damina ta manomi, rani na makiyayi. Da noman rani ya kafu sai manomi ya riƙe duka biyun. Fadamar da saniya ke samun ɗanyar ciyawa a bazara ta zama lambun albasa. Bakin rafin da take shan ruwa ya zama fagen tumatir. Takin buhu ya shigo, manomi ya daina neman kashin shanu, karan da yake bari sadaka ya koma na sayarwa. Mutane suka yawaita, gonaki suka tsattsage a rabon gado, kowa ya riƙa matsa kunyarsa taki ɗaya cikin burtali kowace damina, har hanyar da garke ke bi a jere ta koma wadda jaki da mangala ba ya wucewa. To, ina saniya za ta bi? Ba ta da fiffike. Ta shiga lambu, aka zare sanda, aka tafi gaban alƙali, wani lokaci ma a tafi maƙabarta. Ruwa ba ya tsami banza.

Fasali na uku, abin da ake yi a Amurka

Dillalin nan bai yi ƙarya ba da ya ce ana yin haka a Amurka. A jihar Tekzas akwai gandun kiwo na iyalan wani mutum mai suna Richard King, wanda ya fara shi a 1853. Faɗinsa eka 825,000. Shanu na kiwo a ciki, namun daji na yawo a ciki, maharba kuma suna biyan kuɗi mai yawa kafin a bar su su shiga su yi harbi. A can ƙasar mai fili yakan samu kuɗi ta fuska biyu, daga nama da kuma daga hayar farauta, don haka yakan kiyaye dajinsa da kyau. A Afirka ta Kudu ma an yi doka a 1991 wadda ta ba mai fili mallakar naman dajin da ya killace, namun daji kuwa suka ƙaru ƙwarai a filayen masu hali. Wannan gaskiya ne, ba na ɓoye shi.

Amma ya kai mai hankali, ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Eka 825,000 ta haura murabba'in kilomita 3,300. Ƙasar Madobi duka, da Kwankwaso da Kafin Agur da Kubaraci da sauran garuruwanta, murabba'in kilomita 273 ce, a ƙidayar 2006 kuwa an samu mutum sama da 136,000 a cikinta, yau sun fi haka nesa. Watau gandun iyali ɗaya a can ya ninka ƙasarmu sau goma sha biyu. Su ƙasa ta yi musu yawa, mutane sun yi kaɗan. Mu mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan. Rigar da aka ɗinka wa raƙumi ba ta zama jikin akuya. Duk wanda ya killace eka ɗari a nan, lalle ya fitar da wani daga cikinta.

Su kansu mutanen Tekzas ba su samu abin nan cikin ruwan sanyi ba. A 1874 wani mai suna Joseph Glidden ya samu takardar mallakar fasahar waya mai ƙaya. Masu ƙarfi suka kewaye ciyawa da ruwa, har da filin da ba nasu ba. Ƙananan makiyaya suka wayi gari ba mashaya, suka riƙa fita da dare suna yanke waya, aka yi fitina mai tsanani a 1883, har rai ya salwanta. A 1884 majalisarsu ta zauna, ta haramta yanke shinge, ta kuma haramta killace filin jama'a, ta wajabta wa wanda shingensa ya tare hanyar mutane ya bar ƙofa a kowane mil uku. Ku duba, ya ku almajirai, ko a ƙasar da aka ƙago wayar sai da aka koma ga burtali. Dillalinmu ya kawo mana labarin wayar, ya bar labarin ƙofar a can.

Fasali na huɗu, abin da malamanmu suka bayyana

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a wurin masu karatu. Duk wanda ya kai babin raya mataccen fili a Muhtasar na Halilu ya san cewa kowane gari yana da hariminsa, watau iyakar inda masu itace da masu kiwon garin ke zuwa su komo cikin yini ɗaya, kuma ba a ba mutum ɗaya wannan ya keɓanta da shi, domin haƙƙin mutanen garin ne baki ɗaya. Rijiya ma tana da hariminta, gwargwadon abin da ba zai ƙuntata wa mai shayarwa ba. Daga wannan asali kalmarmu ta hurumi ta fito. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi guda a kan wannan babi, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya bayyana hanyoyin da mutum ke keɓanta da mataccen fili da iyakokinsu.

Shugaba yana da ikon keɓe wani yanki ya hana shigarsa, shi ake kira hima, amma da sharuɗɗa: ya zama kaɗan, ya zama ba a ƙuntata wa mutane ba, ya zama don maslahar jama'a. An keɓe Naƙi'u kusa da Madina tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka da na baitulmali, kuma ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa ya umarci mai tsaron wurin ya riƙa shigar da mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan, ya tsare garkunan manyan attajirai, da hujjar cewa attajiri idan dabbarsa ta mutu yana da gonar dabino da zai koma gare ta, talaka kuwa sai ya zo ƙofar shugaba da 'ya'yansa yana kuka. Ku auna wannan da abin da aka kawo mana. Can an yi shinge don a shigar da talaka. Nan ana son a yi shinge don a fitar da shi.

Kada kuma makiyayi ya ce littafi nasa ne shi kaɗai. A cikin Muwaɗɗa ɗin nan akwai hukuncin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, abin da dabba ta ɓata da dare kuwa mai dabba ne zai biya. Risala ma ta kawo wannan. Saboda haka wanda ya saki shanu da dare cikin albasar mutum, ko ya ɗora wa yaro ɗan shekara tara garke hamsin ya koma ya kwanta, bashi yana wuyansa, ko an kama shi ko ba a kama shi ba.

Fasali na biyar, laifin mai wannan takarda

Yanzu in gaya muku abin da ya sa na nemi kwana uku. Gonar da na gada tana bakin burtali. Ina yaro na san wata tsamiya da ke tsaye a kan iyaka. Yau tsamiyar nan tana tsakiyar gonata, akwai kunya tara a bayanta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ci huɗu, ni na ci biyar. Ban taɓa kiran abin sata ba, ina ce masa gyaran iyaka.

Shekara biyu da suka wuce shanun wani dattijon Bafulatani suka faɗa wa dawata, na kai ƙara, aka sa shi ya biya ni. Da ya zo ba ni kuɗin sai ya ce, "Malam, ga haƙƙinka. Amma wurin da shanuna suka tsaya suka ci, nan ubana ya bi da ni ina goye a kan bijimi. Kai ka yi karatu, ni ban yi ba. In ka ce naka ne, to, naka ne." Na karɓi kuɗin na sa aljihu, maganar kuwa ta ƙi barina barci. Da dagaci ya tambaye ni me littafi ya ce, sai na ga ba ni da bakin da zan hana attajiri cin hurumi da waya alhali ni na ci burtali da fartanya. Bambancinmu yawa ne kawai. A kwana na biyu na kira dattijon da mai unguwa, muka je na mai da iyaka bakin tsamiya, na mayar masa da kuɗinsa. Buhu biyu na dawa na rasa a shekara. Ban faɗi wannan don a yabe ni ba. Na faɗe shi domin na san cikin masu karanta wannan takarda akwai mai tsamiya irin tawa.

Fasali na shida, maganar mafarauta

Dattawanmu sun ba mu labarin gada da barewa da gwanki a dazukan kudancin Kano, ni kaina na riski zabon daji da fakara da zomo a bayan gari. Yau yaro sai ya yini da kare bai tayar da ko gafiya ba. Dalili biyu ne. Na ɗaya, dajin ya tafi. Na biyu, hannunmu: a cinna wa daji wuta don ɓera guda, a kashe mai ciki da mai shayarwa, a kwashe ƙwan zabo, a fita mota-mota da karnuka a share wuri tas kamar an yi shara.

Abin da ya rage mana mai girma shi ne dajin Falgore, ta wajen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kusan murabba'in kilomita 1,000. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Ku lura da wannan da kyau, ya ku manoman rani: ta cikin dajin nan Kogin Kano ke biyowa kafin ya zuba a Tiga. Itatuwansa ke riƙe ƙasa. Idan aka sare su aka yi gawayi, laka za ta gangaro ta cika madatsa, ruwan da ke zuwa Kura da Bunkure ya ragu. Mai shinkafa a Kura yana da rabo a cikin kowace bishiya ta Falgore ko bai taɓa ganinta ba. Da aka yi sakaci da dajin sai ɓarayin shanu suka mai da shi maɓoya, har a 2017 sojoji suka mai da shi filin atisaye. Dajin da mutanen kirki suka saki, mutanen banza ke ɗauka.

Da nama ya ƙare a gida sai mafarautanmu suka riƙa nausawa kudu mai nisa. A watan Maris na 2025 aka tare wata mota a Uromi ta jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 da ke komowa gida don yin Sallah, da yawansu mutanen Torankawa ne ta ƙasar Bunkure, maƙwabtanmu. Allah ya jiƙansu. Alhakin jininsu yana kan waɗanda suka kashe su, ba mai rage musu ko ƙwayar zarra. Amma mu ma mu tambayi kanmu, me ya kai ɗan Bunkure neman nama har bakin teku? Gandun attajiri ba zai komo da su gida ba, domin ba za a buɗe musu ƙofarsa ba. Abin da zai komo da su shi ne dajin jama'a mai doka, wanda ake barin nama ya hayayyafa a cikinsa.

Fasali na bakwai, amsa ga masu jayayya

Idan ka ce, "Malam, yawon kiwo ya ƙare, dole shanu su zauna wuri ɗaya," sai in ce, na yarda da rabin maganarka. Saniyar da ta taka daga Kano zuwa Binuwai ta komo ba ta da nono ba ta da nama, yaron da ke binta kuma ba shi da karatu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi ƙoƙarin zaunar da Fulani makiyaya a garuruwa. Amma zama a ina, kuma a filin wa? Jihar Binuwai ta yi dokar hana kiwon sake a 2017, ta ce kowa ya killace dabbarsa. Mai shanu talatin da ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, da me zai killace? A Kano an bi wata hanya, a 2020 gwamnatin Ganduje ta buɗe matsugunin makiyaya a dajin Dansoshiya na ƙasar Kiru, nan kusa da mu. Asalin wannan shawara daidai ne, domin fili ne na hukuma aka keɓe wa masu ƙaramin ƙarfi, irin himar da muka ambata. Sharaɗinsa ɗaya, a tsare shi kada ya zame ya koma hannun masu kuɗi da sunan makiyaya.

Idan ka ce, "To, me shanun za su ci in sun zauna?" sai in ce, je ka Kura bayan yankan shinkafa ka ga hayaƙi. Bambaron da ake ƙonewa abincin shanu ne. Ga dusar shinkafa a injina, ga karan masara, ga harawar wake da ta gyaɗa. Ruwan Tiga da ya cinye makiyayar rani shi ne kuma zai iya biyan diyyarta, in manomi ya tara bambaro ya sayar da rahusa ko ya musanya da taki, in kuma aka ware wani yanki na filin ban ruwa aka shuka ciyawa. Ƙasarmu ta gaji da takin buhu, kowane manomi ya san haka, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka.

Idan ka ce, "Ashe haramun ne mutum ya yi gandun kiwo?" sai in ce, a'a. Wanda ya sayi gonarsa da halalinsa ya kewaye ta ya yi kiwo, Allah ya sa albarka, mu ma za mu sayi nono a wurinsa. Abin da nake hanawa shi ne a sayar da abin da ba na mai sayarwa ba. Hurumi ba na dagaci ba ne, ba na hakimi ba ne, ba ma na mu da ke raye mu kaɗai ba ne. Ku kuma yi hattara da wannan: dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum har hekta 500 don noma, da hekta 5,000 don kiwo. Hekta 5,000 ta fi sudusin ƙasar Madobi. Takarda guda da sa hannu guda sun isa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965, aka ware wurare sama da 400 a ƙasar nan, amma waɗanda aka tabbatar a rubuce ba su kai rabi ba, da yawa kuwa an cinye su. Abin da ba a rubuta ba, shi ake fara ci.

Fasali na takwas, abin da nake kira gare shi

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan kafin mu. A 1991 aka yi kisa mai muni a Toda ta ƙasar Maraɗi a kan rikicin noma da kiwo, mutum sama da 100 suka halaka, mafi yawansu mata da yara. A 1993 suka kafa dokar karkara, suka naɗa kwamitocin ƙasa a garuruwa, suka riƙa kafa turakun siminti a bakin burtali, kuma kowace shekara hukuma na sanar da ranar da za a saki gonaki ga dabbobi. Rikici bai ƙare ƙaf ba, amma mai ƙara ya samu turken da zai nuna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ina kira ga abu biyar. Na ɗaya, kowane gari ya fita da dagaci da liman da arɗo da sarkin noma da tsofaffin da suka san iyaka, a zaga hurumi da burtali da mashaya, a kafa alama, a rubuta takarda uku, ɗaya wurin hakimi, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a hannun liman. Na biyu, wanda ya ci burtali ya mayar, a bar shi ya girbe abin da ya shuka bana, kada a kunyata shi. Na uku, a nemi hukumar ruwa ta gina mashaya da mahayin shanu a kan magudanai, domin saniya ta sha ba tare da ta rusa bakin kwata ba. Na huɗu, a sa ranar sakin gonaki bayan kaka, wanda ya shiga kafin ranar ya biya, wanda ya yi ɓarnar dare ya biya ninki yadda alƙali ya gani. Na biyar, sarkin baka da mutanensa su ɗaure wa kansu doka: ba farauta daga faɗuwar ruwa zuwa kaka, ba wuta, ba kisan mai ciki, su kuma zama su ne masu tsaron dajin, domin ba wanda ya san shi kamarsu.

Ku kuma, ya ku almajirai, aikinku a nan babba ne. Ku ke da alƙalami. Ku zauna gaban tsofaffi tun suna raye, ku rubuta inda burtali ya bi, daga wace kuka zuwa wace tsamiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A rana ta uku na faɗi wannan duka a ƙofar dagaci. Wasu suka ji daɗi, wasu suka ce na toshe musu arziki, har wani ɗan'uwana na jini ya daina gaishe ni. Dagaci ya ce da dillali, "Ka gai da mai gidanka, ka ce masa abin da ya nema ba nawa ba ne balle in sayar." Dillalin ya yi dariya ya ce zai komo bayan damina, wai yunwa za ta yi masa magana da mu. Mai yiwuwa ya komo, mai yiwuwa kuma ya riga ya nufo garinku. Wanda wannan takarda ta isa hannunsa, ina roƙonsa ya karanta ta ga wanda bai iya karatu ba, manomi da makiyayi da maharbi, a zaune wuri ɗaya in da hali. Inda na yi daidai ku riƙe, inda na yi kuskure ku gyara mini da hujja, zan karɓa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wassalamu.